Dalilin haɗa guntayen daji da juna

Malam, ka tambaya ko kare guntayen dajin da suka rage bai wadatar ba, sai an haɗa su. A ganina bai wadatar ba. A dajin gaɓar Atlantika na Brazil, wani ƙaramin biri mai gashi ruwan zinariya, wanda ake kira golden lion tamarin, ya ragu zuwa kimanin 200 a shekarun 1970. Ba kasafai yake sauka ya ratsa filayen kiwo ba, saboda haka kowane garke ya maƙale a guntunsa, ana barbara tsakanin dangi, zuri'a tana raunana. Bayan sakin waɗanda aka haifa a gidajen namun daji, an dasa itatuwan asalin yankin tsakanin guntayen, aka kuma gina gada mai shuke-shuke bisa babbar hanyar BR-101 a 2020 don birran su riƙa tsallakawa. Ƙidayar da aka bayyana a 2023 ta samu kimanin 4,800.