Me ya durƙusar da Florida State a 2024?

Malam, ka tambayi yadda ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar Florida State ta ci wasa 13 a jere a 2023, sai ga shi a 2024 wasa 2 kacal ta ci, aka doke ta sau 10.

A ƙwallon jami'a ɗan wasa ɗalibi ne, 'yan shekaru zai yi ya ƙara gaba. Bayan kakar 2023 ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, sun kwashe mata 'yan wasa 10, ciki har da Jared Verse da Keon Coleman da Jordan Travis, mai jefa ƙwallon da duk harin ya rataya a wuyansa. Koci Mike Norvell ya cike giɓin da waɗanda suka sauya sheƙa daga wasu jami'o'i, irin su sabon mai jefa ƙwallo DJ Uiagalelei, amma ba su saba da juna ba. Tun wasan farko a Dublin, babban birnin Ireland, jami'ar Georgia Tech ta doke su 24-21, a Nuwamba kuma jami'ar Notre Dame ta lallasa su 52-3, har aka sallami manyan mataimakan kocin.

Ni dai masu horarwa nake ɗora wa laifi. Sun san taurarin nan za su tafi, amma ba su raini ƙananan da za su gaje su ba.