Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen Madubin Saiti Don Harbin Nesa

Tambaya: Ina da bindiga mai lasisi wadda ke cin harsashin .223 Remington. Da ita nake rage zomaye da yanyawa masu yi mini ɓarna a gona daga nisan mita 200 zuwa 300, wani lokaci kuma ina zuwa filin atisaye in harbi allo har mita 600. Na ga madubai biyu da kuɗinsu ya zo ɗaya: mai lamba 8-32x56 na kamfanin da ban taɓa jin sunansa ba, da mai lamba 4-16x44 na sanannen kamfani. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka ɗauki na biyun. Na san lambar 32, wato iyakar ninkin da madubin ke kusanto da abu, ita ce take jan hankalinka, domin kowa yana ganin cewa madubin da ya fi jawo abu kusa shi ne ya fi, amma ninkin kusantarwa shi ne abu mafi arha da kamfani zai iya bugawa a jikin kwali, alhali ingancin gilashi da daidaiton maɓallan da ake murɗawa a gyara saiti su ne ke cin kuɗi. Idan kuɗin madubai biyu ya zo ɗaya, kuma ɗaya ya ninka ɗayan a lamba, to a gilashi aka yi rowa.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai taimake ka. Lambar ƙarshe, wato 56 ko 44, faɗin gilashin gaba ce a milimita, kuma idan ka raba ta da ninkin da kake kai, za ka samu faɗin ɗigon hasken da ke fitowa zuwa idonka. A ninki 32, gilashi mai milimita 56 yana ba da ɗigon da bai kai milimita 2 ba, shi ya sa hoton ke dushewa, kuma da zarar kumatunka ya ɗan goce daga gindin bindiga sai komai ya yi baƙi. A ninki 16 kuwa, gilashi mai milimita 44 yana ba da kusan milimita 3, idan ka sauko ninki 8 da almuru, lokacin da yanyawa ke fitowa, ka samu milimita 5 da rabi.

Sai kuma kawalwalniya, wadda mai saye ba ya tunawa da ita sai ya kwanta a fili da tsakar rana. Zafin da ke tashi daga ƙasa, da wanda ke tashi daga bakin bindigar kanta bayan harbi goma a jere, yana sa allo ya riƙa rawa kamar an nutsar da shi cikin ruwa, kuma madubi yana ninka wannan rawar kamar yadda yake ninka allon. Haka ma bugun zuciyarka, za ka gan shi a giciyen saiti, wato layukan da suka gitta juna a cikin madubin, yana tsalle. Maharba da yawa masu madubi mai ninki 25 suna saukowa 15 ko 18 idan rana ta take. Ga dabba kuma, babban ninki yana ƙuntata filin da kake gani, zomo ya yi tsalle biyu ka neme shi ka rasa. Da a ce allo kaɗai kake harbi daga kan tebur a mita 800 ko 1,000, da na ce ka tara kuɗi ka nemi 6-24x50 ko 5-25x56 mai inganci.

Tambaya: Ina ganin ana rubuta MOA a wasu madubai, a wasu kuma MIL ko MRAD. Wanne ya fi daidai?

Amsa: Babu wanda ya fi wani daidai, dukkansu ma'aunin kusurwa ne. MIL ɗaya santimita 10 ne a mita 100, kuma yawancin madubai suna raba shi gida goma, saboda haka kowane ƙas ɗaya da ka ji a maɓalli santimita 1 ne a mita 100, santimita 3 a mita 300. MOA ɗaya ya ɗan haura inci 1 a yadi 100, wato kusan santimita 2.9 a mita 100, kuma galibi ana raba shi gida huɗu. Mai auna nisa da mita zai fi jin daɗin MIL, domin idan harsashi ya sauka santimita 30 ƙasa da inda ya saita a mita 300, ya san ƙas goma zai murɗa sama ba tare da ya ɗauko alƙalami ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne madubin da aka zana giciyensa da MIL, aka kuma yi maɓallansa da MOA. An sayar da irinsu da yawa a baya, har yanzu ana samun su a hannun masu sayar da na hannu, kuma mai su kullum yana cikin ninkawa da 3.44 a ka don mayar da MIL zuwa MOA, iska na kaɗawa, dabba na tafiya.

Tambaya: Mene ne bambancin FFP da SFP, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin?

Amsa: A madubin FFP, giciyen yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, saboda haka ɗigogin da ke jikinsa suna nan kan ma'auninsu a kowane ninki. A SFP, giciyen ba ya sauya girma, ɗigoginsa kuma suna daidai ne a ninki ɗaya tak, galibi mafi girma. Wanda yake yawan sauya nisa, yana ɗaga saiti da ɗigogi maimakon murɗa maɓalli, FFP ne nasa. Amma mai harbin ƙananan dabbobi ya duba kaurin layin kafin ya biya, domin a wasu madubai na FFP layin yakan yi kauri a babban ninki har ya rufe kan kurege a mita 300, a ƙaramin ninki kuma ya sirance har ya ɓace cikin ciyawa. Mai harbin allo a nisan da ya riga ya sani ba ya asarar komai da SFP mai siririn giciye.

Tambaya: An ce mini bututun madubi mai faɗin milimita 30 ko 34 ya fi mai inci 1 haske.

Amsa: Ba haka ba ne. Haske daga gilashi da shafen da ke kansa yake zuwa. Amfanin faɗin bututu shi ne ƙarin wurin murɗa saiti sama, kuma wannan ma ana iya ƙara shi da mazaunin madubi mai gangaren MOA 20.

Tambaya: Na sayi madubi mai tsada, amma harsasaina suna warwatse a mita 400, alhali a mita 100 suna haɗuwa wuri ɗaya. Ko madubin ne ya lalace?

Amsa: Kafin ka ɗora wa madubin laifi, ka tuna cewa iska da bambancin gudun harsashi suna bayyana a mita 400 fiye da yadda suke a mita 100. Bayan haka ka gwada abu biyu. Ka kafe bindigar a kan buhunan yashi, ka saita allo, sannan ka motsa kanka kaɗan hagu da dama ba tare da ka taɓa ta ba. Idan giciyen ya yi yawo a kan allon, to hoton da giciyen ba su faɗa wuri ɗaya a cikin madubin ba, kuma maganinsa shi ne maɓallin gefen hagu mai lambobin nisa: ka murɗa shi har giciyen ya tsaya cak, kada ka dogara da lambar da aka rubuta a jikinsa, domin kintace ce kawai. Na biyu, ka kafa doguwar takarda a daidai mita 100, ka ja layi a tsaye da taimakon zare mai nauyi a ƙasa, ka harba uku a gindin layin, ka murɗa MIL 5 sama, ka sake harba uku kana saita wuri na farko. Rukuni na biyu ya kamata ya sauka santimita 50 sama da na farko, a kan layin. Idan ya karkace gefe, an ɗaura madubin a karkace, sai ka sassauta zobban da ke riƙe da shi ka daidaita shi, ka ɗaure kusoshin gwargwadon ƙarfin da kamfanin ya rubuta, domin matsewa fiye da kima tana danne bututu ta hana saiti tafiya. Idan kuwa tazarar ta gaza ko ta zarce sosai, ko kuma saitin ya ƙi komawa mazauninsa bayan ka mayar da maɓallin, to ka mayar wa waɗanda suka sayar maka da kayansu. Kamfanoni irin su Leupold da Vortex suna ba da garantin gyara na tsawon rayuwar madubin.