Ƙafa na kumbura alhali ana cin abinci sosai

Malama, kin ce maigidanki yana fama da ciwon Crohn (ciwon kumburin hanji mai daɗewa), ƙafafunsa sun kumbura, gwaji ya nuna albumin ɗinsa (wani furotin da ke cikin jini) ya faɗi, ga shi ba ya ƙin abinci. Allah ya ba shi lafiya.

Idan bangon ƙaramin hanji ya yi gyambo, furotin ɗin jini yakan tsiyaye ya bi bayan gida. Albumin ke riƙe ruwa cikin jijiya. Da ya sauka sosai, sai ruwa ya fara taruwa a ƙafa. Danna yatsa a ƙwaurinsa, za ki ga gurbi ya zauna.

Sai an gwada fitsari da hanta tukuna, don ƙoda da hanta ma suna kawo haka. Sannan a auna alpha-1 antitrypsin a bayan gida, wani furotin ne da ke nuna ko furotin ɗin jini na tsiyayewa ta hanji. A tabbatar kuma ba tibin hanji ba ne, kamarsu ɗaya da Crohn.

Kada a sayo Lasix (maganin da ke sa yawan fitsari) a kemis, a guji diclofenac da ibuprofen, suna ƙara ƙwarzane hanji. Ƙarin albumin ta jijiya na ɗan lokaci ne, sai likitan hanji ya kwantar da ciwon. Ya yawaita ƙwai, kifi da wake.

In ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti, ƙila gudan jini ne.