Hasumiyar Fitilar Teku: Yaya Ake Gina Ta, Me Take Faɗa wa Jirgi?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata doguwar hasumiya a tsaye tsakiyar ruwa, aka ce fitilar jiragen ruwa ce. Ta yaya aka yi gini a inda ko tsayuwa ba ta yiwuwa? Kuma fitila ɗaya za ta iya haska teku?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ta biyun, don a nan aka fi ruɗewa. Wannan fitila ba haska hanya take yi kamar ta mota ba. Sunanta take faɗa. Kowace hasumiya da salon ƙiftawarta, kuma an rubuta shi a taswirar matuƙa. Ta Eddystone, a kudancin Ingila, farin haske take walƙawa sau 2 a duk daƙiƙa 10. Matuƙi ya ƙirga, ya duba taswira, ya san duwatsun da ke gabansa. In ya hango hasumiya biyu, sai ya auna kowacce da kamfas ya ja layi. Inda layukan suka haɗu, nan jirginsa yake. Da rana kuwa fentin jikinta ake dubawa, in hazo ya rufe sai a koma ga ƙaho.

Tsawon nata ba don ado ba ne. Duniya mulmulalliya ce, fitilar da ke ƙasa-ƙasa tun kusa take ɓacewa bayan ruwa. Ƙarfin hasken kuma daga gilashi yake. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya jera zobban gilashi kewaye da fitila, suna tattara hasken da zai watse su harba shi wuri guda. A 1823 aka fara sa irinsa a hasumiyar Cordouan ta Faransa. Gilashin ne ke juyawa, shi ya sa na nesa yake ganin kamar ana kunnawa ana kashewa.

To, sai gini. Eddystone ɗin ta ishe mu misali, don sau 4 ana yin ta. Ta farko, ta katako, an kunna ta a 1698. Guguwar 1703 ta share ta har da maginin, Henry Winstanley, yana ciki. Ta biyu gobara ta cinye a 1755. Sai John Smeaton ya zo, wanda a ganina shi ne gwanin wannan sana'a. Ya dubi kututturen bishiya, faɗi a gindi, siriri a sama, ya ce haka za a yi. Ya sa aka sassaƙa kowane dutse da haƙora, yana shiga cikin na kusa da shi kamar yadda kafinta ke haɗa kusurwar akwati, jerin farko kuma aka cusa shi cikin dutsen tekun kansa. Ya haɗa da wani irin siminti na farar ƙasa mai daskarewa cikin ruwa. Leburori sai ruwa ya janye suke samun 'yan sa'o'in aiki, ya dawo su tattara kaya su gudu.

An kunna ta a 1759. Ta haura shekara 100 tana aiki, kuma abin mamaki, ba ita ta gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashinta ne ruwa ya zaizaye. Aka gina ta yanzu a 1882, aka kwashe saman ta Smeaton aka sake kafa shi a garin Plymouth. Gindin kuwa ya ƙi ciruwa, yana nan cikin ruwa kusa da sabuwar.