Amsar Kawu ga ɗan ƙanwarsa a Tawa kan ƙurar aikin rusau

Ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau uku. Ka ce wani ya yi maka alkawarin aikin rusau a Marsai ta ƙasar Faransa in Allah ya sa ka tsallako, kuma ka ji mahaifiyarka tana zancen abokin zamana da ya rasu bara da ciwon daji a hanyar abinci, shi ne kake so ka san ko da gaske ƙurar shantiye, wato wurin aikin gini, ce ta jawo masa. Na ji daɗi ƙwarai da ka fara da wannan tambaya kafin ta kuɗi.

Abin da ake zargi Faransawa na ce masa amiyant, masu Ingilishi kuma asbestos. Dutse ne da ake haƙowa, yana warwarewa zare-zare, wuta ba ta cin sa. Shi ya sa shekara da shekaru aka yi ta cusa shi a kwanon rufi na siminti, da bututun ruwa, da ledar daɓe da gam ɗinta, da abin da ake naɗe bututun ɗumama ɗaki da shi. Faransa ta haramta shi daga 1 ga Janairun 1997, Tarayyar Turai gaba ɗaya a 2005. Amma haramci bai cire shi daga jikin bango ba. Tsofaffin gine-ginen nan su ne ake fasawa yau, kuma in ka leƙa shantiye, mu baƙi ne muka fi yawa a masu riƙe guduma.

Ga amsarka. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta tabbatar cewa amiyant na haddasa dajin huhu, da na tantanin da ya lulluɓe huhu, da na akwatin murya, da na ƙwan mace. Wannan babu ja. Na hanyar abinci, wato bututun da loma ke bi daga maƙoshi zuwa tumbi, ba a yanke hukuncinsa haka ba. Wani kwamitin likitocin Amurka ya duba a 2006 ya ce hujja ba ta isa ba. Daga baya an yi ta haɗa binciken ma'aikatan da suka daɗe cikin ƙurar, aka ga ciwon ya ɗan fi yawa a cikinsu. Kuma hankali na ɗauka: zaren da ka shaƙa yana maƙalewa a majina, ka yi kaki ka haɗiye, ya bi ta inda tuwo ke bi. Ni dai ra'ayina, ba sai malamai sun gama gardama kan hanyar abinci za ka kare kanka ba, tun da zancen huhu ya riga ya tabbata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda sun yi aiki cikin amiyant.

Marigayin nan, Allah ya jiƙansa, mun yi aiki tare farkon zuwana. Ina tuna ranar da muka yanke rufin wani tsohon sito da injin mai faifai. Ƙura fara fat ta cika wurin, ta kwanta mana a gira da gemu, in ka tofa yawu ka gan shi kamar kunun kanwa. Da azahar muka zauna bisa tarkacen, muka kakkaɓe hannu a wando, muka ci burodi da sardin. Babu wanda ya yi ko atishawa, kuma nan ne mugun halin abin yake: ba wari, ba zafi, sai bayan shekara 20, 30, har 40 yake tashi. Shi da tasa ta zo, nama ne ya fara tsaya masa a ƙirji. Sai shinkafa. Ya koma fura yana cewa gyambon ciki ne, yana ta rama, wando na zame masa. Da ya je likita, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Likitan ya tambaye shi inda ya yi aiki. Shekarunsa na fari da takardun wani ya yi su duka, sunansa bai fito ko'ina ba. Babu mai iya rantsuwa cewa ƙurar ce, don ya sha taba shekaru, amma har yau tambayar likitan nan tana dawo mini.

To ka riƙe wannan da kyau. A Faransa, ginin da aka ba izinin ginawa kafin Yulin 1997 dole a bincike shi a san ko akwai amiyant kafin a taɓa shi. Cire shi aikin kamfani ne mai shaidar ƙwarewa, da ma'aikatan da aka horar, cikin riga mai rufe jiki duka da abin numfashi mai tacewa, a jiƙa wurin, a rufe shi da leda, a yi wanka kafin a fito. Doka ta hana a sa ɗan entarim, wato ma'aikacin wucin gadi, ko mai gajeren kwantiragi ko yaron da bai kai 18 ba ya cire shi. Saboda haka duk patiron da ya miƙa maka ƙyallen takarda na hanci ya ce ka fasa tsohon rufi da dare ko ranar Lahadi, ya san abin da yake yi, kuma ya zaɓe ka ne don ba ka da bakin ƙara. Rawani ba ya tare wannan ƙurar, ko ka naɗa shi ninki uku kamar za ka shiga hazon hunturu a hanyar Abalak. Akwai asusun diyya da ake kira FIVA, an kafa shi tun 2000, amma neman haƙƙi yana son shaida. Takardar albashi, sunan shantiye, kwanan wata, hoto a waya: ka adana su kamar takardar gona. Kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin kwana. An sha samun matan da suka kamu daga kakkaɓe rigunan mazajensu kawai.

Abu biyu kuma suna hannunka tun kana Tawa. Taba in ta haɗu da amiyant tana ninka haɗarin dajin huhu, kuma ita da giya su ne manyan masu jawo na hanyar abinci. Na biyu shayinmu na fada. A 2016 hukumar ta Liyon ta ce abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 mai yiwuwa yana jawo wannan ciwo. Na san yadda kuke kurɓarsa daga saukowa bisa gawayi. Don Allah ka bar shi ya huce kaɗan.

Ban ce kada ka zo ba, ɗana, kuma ban ce duk shantiye haka yake ba. Ni ma a gini na samu abin da na rufa wa gida asiri. Ka koma wurin mutumin nan ka tambaye shi: wane irin gini ne, na wace shekara, kwantiragi da sunan wa, kuma wa zai horar da kai. Abin da ya amsa maka, ka turo mini muryarsa in ji da kunnena kafin mahaifiyarka ta sayar da ko tunkiya ɗaya. Ka gaishe ta, ka ce ranar Juma'a zan kira bayan an sauko daga masallaci.