Me ya sa hoton hagu da na dama suka bambanta?

Malam, ka ce hotunanka biyu na 3D (hoto mai nuna zurfi, ɗaya don idon hagu, ɗaya don na dama) ba su zo daidai ba, ko kuskure ne? A'a, wannan bambancin shi ke kawo zurfin hoton. Miƙe babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: yatsan zai yi tsalle gefe, bangon da ke nesa kuwa da ƙyar zai motsa. Tazarar idanun mutum kusan santimita 6.5 ce, haka ake gusar da kyamara gefe tsakanin ɗaukar hotunan biyu.

Sai dai gocewar ta tsaya hagu da dama kawai. In hoto ɗaya ya ɗara ɗaya sama, ko haskensu ya saɓa, mai kallo zai sha ciwon kai. In da waya ɗaya kake ɗauka sau biyu, kauce wa abu mai motsi.