Amsa: Faifan jakar stoma yana yoyo, fata tana ƙuna

'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce faifan da ke manne jakar stoma (wato bakin hanji da aka fito da shi ta fatar ciki don bayan gida ya riƙa fita) a fatar cikinsa ba ya kwana biyu sai ya fara yoyo, fatar kuma ta yi ja.

Ni dai ina zargin yankan ramin faifan ne. Stoma tana kumbura bayan tiyata, sannan ta riƙa raguwa har mako 6 zuwa 8, saboda haka awon farko ba zai ci gaba da yi ba. Ki auna stoma duk lokacin canjin faifai, ki yanka ramin ya fi ta da milimita 2 zuwa 3 kawai. In ya yi faɗi, bayan gida zai taɓa fata ya ci ta. In ya matse, zai goge stoma ta yi jini.

Ki wanke wurin da ruwan ɗumi, ba mai, ba sabulu mai maiƙo, ki bari ya bushe sarai. Ɗumama faifan tsakanin tafukanki, ki ja fatar ta miƙe, ki ɗora, ki danne da hannu kamar minti ɗaya. Da safe kafin ya ci abinci ya fi sauƙi.

Da ya fara yoyo ki canza, kar ki yi masa faci da filasta. In stoma ta yi baƙi ko shuɗi, ku tafi asibiti nan take.